Rangadin Kawu Sule

Duk wanda ya tashi a layinmu na Nassarawa GRA a shekarun da mulkin farar hula ya dawo, ba sai an gaya masa ma'anar usur da safiyar Asabar ba. Kana cikin shan shayi za ka ji shi daga bakin get, busa mai tsawo kamar ta ɗan sandan da ɓarawo ya kufce wa. Kafin ka ajiye kofi yara sun fara ɓullowa daga gidaje, wani da takalmi ƙafa ɗaya, wata da burodi a baki. Kawu Sule ya iso, za a tafi rangadi.

Yayan Ummanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake in ka jera su ba za ka yarda ba. Umma mace ce mai tsari, wadda ko labulen falo sai an goge mata. Shi kuwa tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya amma ya ƙi gaya wa tufafinsa. Kakin nan dai da kuka san shi da shi, mai aljihuna kamar kantin tireda, da malfa, da gorar ruwa a rataye, da tabarau mai hangen nesa wanda ido ɗaya ya mutu tun zamanin soja. A Giginyu yake zaune. 'Ya'yansa sun girma sun watse, ya ce jikoki sun yi masa nisa, don haka ya ƙwace yaran layinmu ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ba a cewa yawo a gabansa. Yawo, in ji shi, na marasa aikin yi ne, shi rangadi yake fita, yaran kuma ma'aikatansa ne. Kowane lokaci na shekara yana da nasa rangadin. Da bazara mangwaro, da damina a je a ga yadda gero ke fitar da kai, da kaka kamun fara, lokacin tashin alhazai kuma a jeru a jikin wayar filin jirgi ana ɗaga wa kowane jirgi hannu, har da na kaya. Da Sallah ne kawai ake rikici, don kowa gidan zoo yake so, shi kuwa ya rantse ba zai taka ba. Cewa yake: “Na ga zaki a gidansa, ba zan sayi tikiti in gan shi a gidan haya ba.”

Sai motar. Tsohuwar motar daji ce koriya da ya saya a gwanjo, yana kiranta Dattijuwa. Ba ta tashi da makulli, sai da turi, kuma daga nan aka samo dokar da kowa ya haddace kafin ya haddace jadawalin lissafi: wanda bai tura ba, ba zai hau ba. Babu ɗan kwamishina, babu autar Hajiya. Abbanmu ya taɓa jin kunyar yadda ake turin motar surukinsa a gaban maƙwabta, ya saya masa sabon batir. Kawu ya yi godiya sosai, ya sa albarka, ya ɗauki batir ya kai masallacin unguwa aka haɗa wa lasifika. Da Abba ya yi magana sai ya ce masa, in mota ta tashi da kanta, yaran su yi me?

Ni kuwa, Bilki, ban taɓa tura Dattijuwa ba, ban kuma taɓa hawanta ba. Da ciwon sikila aka haife ni. Kafin ni akwai yayata Zainab, ita ma da shi ta zo, kuma shi ya tafi da ita tun ban yi wayo ba. Tun daga nan Umma ta yanke cewa ni ba za a yi sakaci da ni ba. Ban da makaranta da asibiti, iyakata get. Ba rana, ba ruwan sama, ba gudu, ba guje-guje. Saboda haka duk Asabar wurina ɗaya ne, tagar ɗakina a saman bene, na dafa ƙarfen taga ina kallon ana turi. In gaya muku gaskiya, na tsani Asabar, kuma akwai lokacin da na tsani Kawun ma. Abin da nake so a duniya bai wuce in shiga motar nan mai warin man juye sau ɗaya ba.

Amfanin taga dai shi ne ba abin da ke wuce ka. Da siyasa ta kankama, kowa na maganar ƙuri'a, sai Kawu ya ce shi ma ya rungumi dimokuraɗiyya, daga yau ma'aikata ne za su zaɓi inda za a je. Ya cire malfarsa ya mai da ita akwatin zaɓe, ya raba 'ya'yan darbejiya da tsakuwa. Tsakuwa na nufin wurin wasan yara mai lilo da jirgin ƙasa, darbejiya kuma gandun renon itatuwa. Yayana Nura ya yi kamfen kamar zai fito takara, har da alkawarin alewa. Aka zazzage malfa, tsakuwa ce zalla, ɗan darbejiya ɗaya tak, kuma kowa ya san na waye. Kawu ya daɗe yana duban sakamakon. Sannan ya busa usur ya ce baturen zaɓe ya gano an yi aringizo, an soke zaɓe, gandun itatuwa ya yi nasara. Nura ya ce zai ɗaukaka ƙara. Kawu ya ce madalla, kotu na zama a bayan mota, ya je ya kama turi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma, gari ya ɗauki zancen raba maza da mata a motocin haya, sai ga Kawu da igiya da tsohon zanin gado. Ya ɗaure shi a tsakiyar Dattijuwa, maza baya, mata gaba. Yaran nan fa rabinsu 'yan ɗaki ɗaya ne, babbansu bai fi shekara goma sha biyu ba. Maigadinmu ya ce masa, Alhaji, ai zanin ya rufe maka madubi. Ya ce wanda ke bin doka ba ya waiwaye. Rannan baya aka tura motar don ta fita daga lungu, ta je ta rungumi get ɗinmu, har yau akwai lotsawar a jiki. Washegari zanin ya ɓace, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Rangadin mangwaro na shekarar ne ya kusa rushewa. Nura, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu yanzu duk wanda ya tsinki mangwaron wani, hannu za a cire. Asabar ta zo, aka busa usur, yara suka fito hannuwa a aljihu. Kawu ya saurari damuwarsu, ya ce ai shi ma ba ya wasa da hakkin mutane. Hukuncinsa shi ne, ba mai hawa, ba mai jifa, amma abin da ya faɗo da kansa a kan titin gwamnati na mai wucewa ne. Gidan da ke kallon namu wani sabon ɗan majalisa ya saye shi, kuma reshen wani ƙaton mangwaro ya tsallako katangarsa ya rufe rabin titi. Kawu ya ce shi ya san bishiyar tun tana cikin leda. Ya jera ma'aikata a ƙarƙashinta, kowa da buhu a buɗe, aka ɗaga kai sama.

Abin da yaran ba sa gani, ni daga bene ina gani. Malam Audu, maigadin gidan ɗan majalisar, mutumin Jigawa ne, abokin cin goron Kawu. Tuni ya haye bishiyar ta ciki ya yi zamansa a kan reshe. Ana cikin haka sai ga motar Onarabul ta shawo kwana. Ya sauke gilashi, ya ga dattijo cikin kaki da rundunar yara sun zuba wa katangarsa ido.

“Baba, lafiya?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe. Iska muke jira.”

Ko ganye ba ya motsi a garin nan. Amma Malam Audu bai ga mota ba, ya ji an ambaci iska, ya ɗauka alama ce. Reshe ya kama girgiza kamar mai aljanu, mangwaro ya yi ta ruwa a kan motar Onarabul, tim, tim, a ƙarshe kuma takalmin roba ƙafa ɗaya ya faɗo a kan gilashin gaba. Kawu ya taka a natse, ya ɗauki takalmin, ya juya shi, ya latsa da babban yatsa.

“Wannan bai nuna ba,” ya ce. “A mayar.”

Onarabul ya yi dariya har ya kifa kai a kan kujera. Da yamma ya aiko da mangwaro daro guda. Kawu ya mayar masa da godiya, ya ce ma'aikatansa ba sa karɓar abin da ba su tsaya a rana sun jira ba.

Ni ma Kawu bai bar ni ba aiki ba. Ya naɗa ni Sakatariya, ya ce kowane rangadi yana da hedikwata, kuma dole a dawo a ba da rahoto. In sun dawo zai hawo bene da ƙurarsa, ya tsaya ƙiƙam, ya sara mini, ya zayyana duk abin da aka gani. Ba ya zuwa hannu sake. Ya kawo mini ƙayar bushiya, ya kawo sheƙar tsuntsu, wata rana ya cire malfa sai ga hawainiya a kan sanƙonsa tana juya ido. Umma ta shigo da maganina a faranti, suka haɗa ido da hawainiya, farantin ya riga ta sauka ƙasa. Daga ƙasan bene take cewa, Yaya, don girman Allah ka fitar mini da abin nan. Shi kuma yana cewa, Dije, ki yi a hankali, baƙuwa ce. Duk GRA Hajiya Khadija ake ce mata, shi kaɗai ke kiranta Dije, kuma da ƙarfi, musamman in tana da baƙi.

Ina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Ina da shekara goma sha ɗaya, a farkon dogon hutu, suka dawo daga wani rangadin bakin dam. Kawu ya hawo, ya sara, ya fara ba ni labarin yadda masunta ke jefa birgi, ragarsu ta kamun kifi. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

“Kawu, ka daina kawo mini rahoto. Na gaji da jin abin da wasu suka gani.”

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya tsaya da hannu a sama. Ya dube ni, ya dubi tagar, ya dubi ƙarfen da hannuna ya goge har ya yi sheƙi. Sannan ya juya ya sauka.

Ashe asibiti ya nufa a satin. Ya je ya sami likitan da ke duba ni, wani dattijo mai haƙuri, ya bi layi kamar mara lafiya, da aka zo kansa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, tambayoyi ya zo da su. An ce sai da ya tsare bawan Allah har aka kira sallah. Likita ya ce masa ba abin da zai hana ni fita, muddin ban sha sanyi ba, ban jiƙe ba, ban gaji ba, kuma ina shan ruwa a kai a kai. Kawu ya taho da wannan amsa kamar ya ciyo kofi, ya same Umma a falo. Ina saman matattakala ina jin su.

Umma ta ce likita ba shi zai kwana a kaina ba in ciwo ya tashi. Kawu ya ce zai zaɓi rana mai kyau, ba rana ba sanyi. Ta ce a'a. Ya ce zai tafi a hankali. Ta ce da wace motar? Suka yi ta ja, muryoyi na hawa, har Umma ta ce abin da ban taɓa jin ta faɗa da baki ba.

“Yaya, na binne ɗaya. Ba zan binne ta biyu don kamun fara ba.”

“Na sani, Dije. Da ni aka kai ta. Amma wannan da ranta kika ajiye ta a sama.”

Maganar ta yi nauyi, shi ma ya san ta yi. Umma ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya. Abba kuwa ya yi abin da ya saba, ya ce tsakanin wa da ƙanwa shi ɗan kallo ne, ya buɗe jarida.

Wani zai ba da haƙuri ya bar zancen. Kawu Sule yajin aiki ya tafi. Lokacin ko'ina yajin aiki ake yi, malamai, ma'aikatan mai, kowa, ya ce shi ma ƙungiya ce mai zaman kanta. Asabar ta zo, yaran Giginyu suka turo masa mota ya iso bakin get ɗinmu kamar kullum, amma ba usur. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar Dattijuwa, ya kunna rediyo, ya fito da goro. Yara suka kewaye shi. Ya sanar da su cewa ba sauran rangadi sai ranar da Sakatariya za ta fito fili, duk mai ƙorafi ya kai wa hukuma, ya nuna ƙofar falon Umma da haɓa.

Ku tuna dogon hutu ne, ga damina, ga yara fiye da goma da suka saba a kwashe su a gajiyar da su a dawo da su sun yi laushi. Kafin wata ya ƙare layinmu ya koma sansanin yaƙi. Nura da abokansa suka mai da falon wata Hajiya filin ƙwallo, gilashin kabad ɗinta ya zama raga. Wasu suka yi wa kyanwar gidan alƙali wanka da shuɗin wanki. 'Yan mata suka buɗe gidan abinci a bayan gida da tukwanen gaske da shinkafar gaske. Iyayen da a da suke yamutsa fuska in sun ga Kawu, suna cewa yana dawo musu da yara da ƙaiƙayi, su ne suka fara tsayawa da mota suna gaishe shi har da rusunawa. Yana amsawa da fara'a, ya ce ana kan tattaunawa.

Sai ga tawagar iyaye mata a falonmu, an sha turare, an zo wai duba jikin Bilki. Aka yi ta kewaye-kewaye, har wata ta gaji ta ce, Hajiya, ki taimaka mana, gidajenmu za su rushe. Umma ta ba su lemo, ta raka su har mota, ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Taurin kan gidansu ne, ba Kawu kaɗai ya gada ba.

Abin da tawaga ta kasa, ni na yi shi ba da niyya ba. Yara sun fara harara ta in sun hango ni a taga, har Nura ya daina shigowa ɗakina. Wata Asabar na leƙo na kira Kawu, na ce ya janye yajin aikin nan, ya kai su, ni na haƙura, ai na saba. Ban san Umma na tsaye a bayana da kofin ruwa ba. Ta ajiye kofin a hankali. Ta tambaye ni, kin saba da me? Na ce da kallo. Ta daɗe tana duban bayan kaina, sannan ta fita. Da yamma na ji ta aika Nura ya gaya wa Kawunsa cewa Asabar mai zuwa, in ba hadari, za a je, amma da ita, kuma da sharuɗɗanta.

Ruwa ya fara janyewa lokacin, sabuwar gyaɗa ta shigo. Ranar ta zo garau. Usur ɗin da aka busa da safen nan, ina jin har Kawaji an ji shi. Sharuɗɗan Umma suka fito a hannun masu aiki: bargo, rigar sanyi, lema, filas na ruwan zafi, jarkar ruwan sanyi, jakar magani, matashin kai. Kawu ya dubi tulin kayan ya tambaya ko Makka za mu. Na fito cikin safa da hula kamar mai jego, na kama murfin ƙofar Dattijuwa. Sai na ji ya yi gyaran murya.

“Sakatariya, kin san doka.”

Wallahi na ɗauka wasa yake. Umma ta ce, Yaya, kana hauka ne, yarinyar da aka ce kar ta gaji? Ya ce shi bai ce ta tura ba. Amma doka ba ta san Sakatariya ba, in ya karya ta yau gobe kowa zai zo da takardar likita. Kason turinta yana nan, sai dai wani ya ɗauke mata, kuma ba cikin ma'aikata ba, don kowannensu da nasa kason. Shi kuma yana kan sitiyari. Ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari.

Maƙwabta sun fito bakin get, masu gadi sun miƙe tsaye. Direbanmu ya matso zai kama, Umma ta ɗaga masa hannu. Ta dube ni, na ga idonta ya kawo ruwa, na ga kuma haushin yayanta a ciki. Ta cire takalmanta masu tsini ta miƙa wa Nura. Ta warware mayafi ta ɗaure a ƙugu. Hajiya Khadija, wadda ba ta taɓa fita get babu jaka a hannu ba, ta dafa bayan Dattijuwa da hannu biyu a tsakiyar yara.

“Shiga, Bilki,” ta ce. “Ni zan tura naki.”

Na shiga gaba, kusa da Kawu. Aka fara turi. Ku da kuka tura motar nan kun san kafin a kai gidan alƙali take tashi. Rannan muka wuce gidan alƙali, muka wuce na Onarabul, Kawu ya taka kulocinsa ya ƙi saki, yana leƙen madubi yana murmushi. Na ce, Kawu, ka saki mana. Ya ce kasona ya taru, na shekaru ne. Sai da muka kai kwanar masallaci ya saki, mota ta yi tari ta kama. Umma ta shigo tana haki, ɗankwali a karkace, ta ce in Allah ya yarda sai ta rama. Ya ce, sannu da aiki, Dije.

Gonar wani abokinsa muka je, bayan an fita gari kaɗan, ana cirar gyaɗa. A gindin wata bishiya akwai wani tsohon manomi da malfa har ido, riƙe da fartanya kamar an ba shi ajiya. Da muka gaisa sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yatsunsa a kan jijiyar wuyan hannuna, yana satar kallon agogo. Ya ce in buɗe ido ya gani, wai ko ƙasa ta shiga. Umma ta ƙura masa ido, ta dubi tafin hannunsa mai laushi, ta dubi takalminsa.

“Likita?”

Bawan Allah ya cire malfa a kunyace. Ya ce Alhaji Sule ya yi ta zarya a ofishinsa har ya ga zuwa gonar ya fi masa sauƙi. Kawu ya ce shi bai san komai ba, manoman zamani ne, wasu har da digiri.

Aka ba ni tushe ɗaya na cira. Na ja, ƙasa ta buɗe, sai ga gyaɗa reto-reto a jikin saiwa. Na yi ihu na ce wa ya binne ta a nan? Ni duk zatona a reshe take fitowa kamar mangwaro. Yaran gonar suka yi ta dariya har da faɗuwa, aka ce 'yar GRA ta zo. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Aka tara karmami aka babbaka gyaɗar a wurin, muka ci da zafinta, baki da hannu duk baƙi, likita na bi na da kofin ruwa.

Can sai wata fara ta tashi daga gabana, babba, mai jan fiffike. Yara suka bi ta. Ban yi shawara da kowa ba, na ji ƙafafuna sun bi su. Ba wani gudun kirki ba ne, daga bishiyar zuwa kunyar gero ne, safa ta cika da ƙasa, hula ta faɗi. Ina jiran in ji muryar Umma ta ce Bilki tsaya, don duk rayuwata ita ce ke biyo bayan duk wani motsi nawa. Ban ji ba. Da na juyo, farar a hannuna, na hango su tsaye kafaɗa da kafaɗa, ita da Kawu. Na dawo ina haki, Umma ta durƙusa ta gyara mini safa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba: “Ashe haka take gudu.”

Ciwo bai tashi ba, alhamdu lillahi. Na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba. Wadda ta kwanta ita ce Umma, bayanta ya riƙe, sai da aka yi ta gasa mata da ruwan zafi. Kawu ya zo dubiya da ƙullin gyaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya sawwaƙe, dama ya lura ma'aikaciyar ba ta da horo. Matashin kai ta jefe shi da shi. Daga nan na zama 'yar rangadi. Wani lokacin ciwo ya hana, wani lokacin ya bari, amma ba a sake rufe ni a sama ba.

Kawu ya rasu ina jami'a, bayan gajeriyar jinya. A zaman makoki mutane sai su fara kuka su ƙare da dariya, kowa da nasa labarin. Da aka watse na rage ni da Umma a ɗakinsa na Giginyu, muna naɗe tabarmi. Na ce mata, ni har yau ina mamakin yadda ba ta tsayar da ni ba rannan a gona. Ta zauna a bakin gadonsa. Ta ce ai ta buɗe baki za ta kira ni, sai ta ji ya kama hannunta. Ta ce hannun ya jiƙe da gumi, mutumin da take zaton bai san tsoro ba. Ya ce mata a kunne: “Dije, ni ma tsoron nake ji. In wani abu ya same ta, na san ba za ki ƙara duban fuskata ba. Yi shiru, bar ta ta kai.”

Allah ya jiƙan Kawu Sule. Ya Allah, ya ji tsoro saboda ni ya daure, Ka amintar da shi daga dukkan tsoro. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da Zainab a gidan da ba ciwo. Amin.